Tsamin Kaka a Kwalbar Kawu

Ranar da aka kai Kawu makwancinsa, tabarmi ba su isa ba a ƙofar gidanmu da ke Zango, sai da aka aro na masallacin unguwa. Ina cikin gida wajen mata, amma maganar zaure tana shigowa har tsakar gida. Tsofaffin ɗalibansa na lise, wato babbar sakandare, wasu har da furfura, waɗanda ke kiransa Mushe, wato malam da Faransanci, cewa suke, "Mushe ya tafi, Allah ya jiƙan Mushe." Wani da ya zama likita ya ce har yau in ya rufe ido yana ganin hannun Kawu fari fat da alli. Abokan sallarsa suka ce mutum ne mai gardama, amma ba ya kwana da kowa a ransa. Sai ga wata tsohuwa mai suyar masa daga unguwar Kara-Kara ta shigo tana dogara sanda, ta zauna kusa da Inna, matar Kawu, ta ce, "Ya muka ji da haƙuri? Wayyo, mai ɗan cokali ya tafi." Mata suka yi dariya da hawaye a fuska, don babu mai tanda a garin nan da ba ta san shi da ɗan cokalinsa ba, yana roƙon a ɗiba masa ƙullu kaɗan ya je ya duba.

Ni kuwa bakina ne kawai ke amsa gaisuwa, hankalina yana gindin randa a ɗakinsa. A can, cikin jiƙaƙƙen yashi, akwai wata kwalba mai faɗin baki, an rufe ta da ƙyalle. Abin da ke cikinta yana da rai, ya fi shekara talatin yana da rai, kuma na yi wa Kawu alkawari ba zai mutu a hannuna ba. Ina rubuta wannan ne don kada a manta da shi, kuma don in faɗi da bakina yadda na kusa cin amanarsa tun ba a yi bakwai ba.

Kawu ƙanin Iya ne, mahaifiyata. Uwarsu, Kaka, masa ta soya har ta tsufa, da ita ta tura shi lakwal, wato makarantar boko. Ba ta taɓa sayen yis ɗin kanti ba. Kullum takan rage ɗan ƙullu na yau ya tayar da na gobe, haka ta gada daga tata uwar. Da ta rasu, Kawu yana sabon malamin kimiyya, ya ɗebi ludayi ɗaya daga ƙullunta na ƙarshe ya zuba a kwalba. Tun daga ranar, duk kwana uku sai ya zubar da rabi, ya ƙara ruwan gero da aka dafa ya huce, da ɗan sukari a bakin cokali. Bai yarda da firigo mai sanyaya abinci ba, ya ce kuran ɗin garin nan, wato wutar lantarki, ba shi da alkawari. Ko tafiya za shi, sai ya tsayar da Inna ya yi ta nanata mata yadda za ta yi, har ta ce, "Malam, 'ya'yanmu ma ba ka bar mini wasiyya a kansu haka ba."

Yana da tsohon mikroskop da aka yar a lakwal ɗinsu, ya ɗauko ya gyara. Mutanen gida madubin Kawu suke ce masa. Ba ya aiki da kuran, hasken rana yake tarowa da ɗan madubi a ƙasa, shi ya sa hantsi ne lokacin aikinsa. Yakan sa teburi a bakin ƙofar ɗaki, ga kaye, littafin rubutunsa, ga fensir a bayan kunne. Ina aji na biyu a lise ya fara kirana.

"Zo nan, 'yar Yaya. Sa idonki. Me kika gani?"

"Ƙwai-ƙwai, Kawu. Wasu da ɗan ƙulu a gefe."

"Su ne ke tayar da ƙullu. Ƙulun nan kuwa toho ne, 'ya ce za ta fito. To, ga tambaya. Kowace ƙwaya bango gare ta mai tauri, ya kewaye ta kaf, cikinta kuma cike yake da ruwa yana tura bangon kamar iska a tayar keke. Ta yaya abin da aka killace haka zai girma?"

Na ce sai ta fasa bangon. Ya ce in ta fasa, cikinta ya zube, ta mutu. Na ce to ta ƙara masa kauri. Ya ce in ta yi haka za ta zauna yadda take har ta tsufa. Na ji haushi, don ni tun ina yarinya ba na son a ƙure ni. Na ce, "To ka faɗa mana, tunda ka sani." Ya yi dariya har da buga cinya.

"Wuri ɗaya take zaɓa a jikin bangon, ɗaya tak. Can take tura ma'aikata iri biyu, masu kwance tsohon bango da masu saƙa sabo. Kayan aikin suna bin wasu siraran zaruruwa daga cikin ƙwayar zuwa wurin. Masu kwancewa su sassauta, ruwan ciki ya turo, wurin ya kumburo, masu saƙa suna biye suna cikewa. In masu kwancewa suka yi gaba da yawa, ta fashe. In masu saƙa suka fi ƙarfi, toho ya tsaya. In kuwa ta kasa zaɓen wuri, ta sassauta ko'ina, sai ta kumbura ta zama ƙatuwar dunƙule, ba 'ya ba jika."

Ya nuna mini zanensa. Da fari, in ji shi, toho daga tsininsa kawai yake girma, ya yi tsawo. Daga baya aikin ya bazu a jikinsa duka, ya yi ƙiba. Gwargwadon daɗewar da aka yi ana gini a tsini, gwargwadon tsawon 'yar. Yis ɗin kanti ba ya daɗewa, shi ya sa nasa suke kusan a mulmule. Na Kaka yakan daɗe, 'ya'yansa dogaye ne kamar ƙwallon dabino. A ƙarshe a ɗaure wuyan da zobe mai tauri, a gina bango tsakanin uwa da 'ya, su rabu, uwar ta tafi da tabo a wurin.

Na ce, "Kai ka ga zaruruwan da idonka?"

Ya ce, "Ban gani ba. Madubin nan bai kai can ba. Dubi kayena da kyau. Abin da na gani yana shafin dama, abin da na karanta yana shafin hagu. Kada ki taɓa haɗa su wuri guda." Yau ni ma malamar kimiyya ce a garin Durum, kuma haka nake raba kayena.

Kwalbar nan ta taɓa haɗa shi faɗa da wansa, Kawu Babba, wanda ba ya wasa da addini. Wani baƙo ne ya shiga ɗakin ya ji warin tsami, ya fita ya ce Mushe yana dafa giya a gindin randa. Magana ta zaga unguwa ta dawo kunnen Kawu Babba. Ya zo da hantsi ko sallama bai gama ba, ya ce, "Ka zubar da abin nan yanzu, ka ja mana abin faɗa a gidan ubanmu." Kawu ya miƙe tsaye, idonsa ja, ya ce, "Yaya, tsamin uwarka ne. Da shi aka soya masar da ta yi maka rigar sallah. In giya ne, to da giya ka girma." Na ɗauka ranar za a mari wani. Inna ta fito da ludayi a hannu ta tsaya tsakaninsu. Da ƙyar Kawu Babba ya yarda ya zauna ya sa ido a madubin, yana cewa shi ba yaro ba ne da za a ruɗe shi da gilashi. Ya duba, ya ɗago, ya sake dubawa. Can ya ce, "Subhanallahi. Duk wannan a ɗigo ɗaya?" Kawu ya ce, "Gani ya kori ji." Bai ba shi haƙuri ba, don Kawu Babba bai iya wannan ba har ya koma ga Allah. Amma ranar Juma'a da kansa ya tare baƙon nan a ƙofar masallaci ya wanke shi tas.

Tsohuwar nan ta Kara-Kara kuwa, akwai shekarar da ƙullunta ya daina tashi kwata-kwata. Maƙwabta suka ce baki ne, wasu suka ce an yi mata asiri don a janye mata masu saye. Ta sha rubutu, ta yi hayaƙi, masa tana fitowa kamar dutse. Kawu ya je da ɗan cokalinsa, ya duba, ya tarar ƙwayoyin duk a mace. Ya zauna yana kallon yadda take aiki, ashe surukarta ce ta shigo da sabon salo, tana wanke robar ƙullu da ruwan jabel mai kashe ƙwayoyin cuta ba ta ɗauraye sosai. Bai tona surukar a gaban mutane ba. Ya ce kawai a sauya roba, ya ɗibar mata daga kwalbarsa, ya koma gida a ƙafa.

Da ciwo ya kwantar da shi, na zo daga Durum duba shi. Ya rame, amma bakin yana nan. Ya ce, "'Yar Yaya, 'ya'yana duk sun bi kasuwa, ba wanda ya san kan madubi. Na bar miki shi da kaye. Kwalbar kuma amana ce. Kwana uku-uku, kada ki wuce." Na ce, "Kawu, za ka tashi." Ya ce, "Ba wannan na tambaye ki ba. Kin karɓa?" Na ce na karɓa.

Ranar sadakar uku na shiga ɗakin na ciyar da ita, na mayar gindin randa. Yara na jarrabawa a lakwal, dole in koma. Na yi tunanin tafiya da ita, sai na ga hanya da zafi da girgizar mota, na ce bari in bar ta inda ta saba, ai zan dawo ranar bakwai. Ban gaya wa kowa ba. Inna tana takaba, ba ta shiga ɗakin, ni kuma na ɗauka ba wanda zai taɓa kayan mamaci tun ba a yi rabo ba.

Na iso ranar bakwai rana ta ɗaga. Tun daga bakin layi nake jin ƙanshin masa. Tanda huɗu aka kafa a tsakar gida, faranti na fita zaure ɗaya bayan ɗaya, malamai sun gama addu'a ana rabo. Na gaisa a tsaitsaye na wuce ɗakin Kawu. An share, an naɗe shimfiɗa. Kwalbar tana kan taga a kife, an wanke ta fes, rana tana ratsa ta.

Ban san lokacin da na fito da ita a hannu ba. "Wa ya taɓa wannan?"

Iya tana bakin tanda da tsinken juyi. Ko ɗagowa ba ta yi ba, ta ce, "Ni ce. Na zuba a ƙullun sadaka."

"Duka?"

"Duka mana. Tiya nawa aka jiƙa kike gani? Ai ko ɗigo ban bari ba."

Allah ya yafe mini, na ɗaga wa mahaifiyata murya a gidan makoki, gaban baƙi. Na ce shekara talatin ɗan'uwanta yana raya abin nan, ta kashe shi a kan wuta cikin safiya ɗaya. Na ce da ta tambaya. Mata suka tsaya cak da suya. Iya ta ajiye tsinken, ta dube ni sama da ƙasa.

"Ke 'yar nan, ni kike wa tsawa? Tsamin uwata ne, na san warinsa tun kafin a haife ki. Na masa ne, ba na kallo ba. Ɗanta ya mutu, za a yi masa sadaka, sai in aika kanti a sayo yis na takarda, nata yana zaune a ɗaki? In ba a sa shi a sadakar ɗanta ba, a ta wa za a sa?" Muryarta ta karye, amma ta ƙarasa. "Kuma in amana aka ba ki, ina kika tafi kika bar ta?"

Gaskiya ta faɗa, kuma gaskiyar ta yi mini zafi fiye da mari. Da na sani ƙeya ce. Na koma ɗakin na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza.

Amma ni jinin Kawu ce, ba na yarda aikin gama ya gama sai na ga ƙarshensa. Na share fuska na fita neman inda ƙullu ya saura. Robobin da aka kwaɓa duk an wanke su da sabulu an shanya a rana. Ludaya haka. Masar kuwa wuta ta riga ta kashe abin da ke ciki. Na hau kabu-kabu zuwa Kara-Kara, ko tsohuwar nan tana da jikan abin da Kawu ya ba ta. Ta ce, "Ayya 'yata, tun da idona ya yi rauni surukata ta karɓi tanda, na takarda take sa wa." Na dawo jiki a sanyaye.

Inna ce ta aiko a kira ni ɗakin takabarta. Ta ce a hankali, "Na ji duk abin da ya faru. Jiya ina kallo ta ƙofa. Yayarsa ba a roba ta fara juye kwalbar ba. A tsohuwar ƙwaryar Kaka ta fara tayar da shi, da ya kumbura ta rarraba. Ƙwarya kuwa ba a sa mata sabulu. Duba bayan rumbu."

Tana can a kife a inuwa. An ɗauraye ta da ruwa, amma ƙwarya ce da ta sha ɗinkin gyartai har wuri uku, kuma a cikin ɗinkin akwai ɗan farin abu da bai gama bushewa ba. Na ƙona allura a wuta, na bari ta huce, na yi ta sakato shi zare bayan zare. Duk abin da na samu bai cika bakin cokali ba. Na dafa ruwan gero, na raba a kwalba huɗu, na sa kaɗan-kaɗan a kowace, na jera su a gindin randa. Na buga wa direktanmu waya na ce ba zan dawo ba sai na gama wani aiki, in zai rubuta ni ya rubuta.

Kwana uku ni da Iya gaisuwa kawai ke haɗa mu. Kullum da hantsi ina fitar da teburin Kawu. Kwalba ta farko ta yi furfurar ruɓa, na zubar. Ta biyu ta yi ɗoyi, a madubi ba komai sai ƙananan ƙwayoyin ruɓa suna ta iyo. Ta uku ta zauna shiru kamar ruwan kunu. A rana ta huɗu na ɗaga ƙyallen ta ƙarshe, na ga kumfa ƙanana sun jeru a gefen gilashi. Na ɗiga, na juya madubin ƙasa ya kamo rana, na daɗe ina nema. Sai ga ta a gefe, ƙwaya ɗaya da toho dogo a tsininta. Na matsa, ga wata, ga wata. Na buɗe kayen Kawu a shafin dama na ajiye kusa. Sun yi kama ƙwarai. Amma ba zan iya rantsuwa ba, don gero ma yana zuwa da nasa, iska ma tana kawowa, kuma madubin bai kai inda zai raba mini gardama ba.

Na ciyar da ita kwana biyu har ta yi ƙarfi, sannan na ɗauka na je na durƙusa gaban Iya. Na ce, "Iya, ki yafe mini abin da na yi miki gaban mutane. Kuma ina neman taimako. Idona ya gaza. Ki soya mana da wannan, ki gaya mini ko shi ne."

Ta karɓa, ta ɗaga ƙyallen ta shinshina. Ta jiƙa gero rabin tiya da hannunta. Kashegari da safe ta kafa tanda, ni ina tsugune ina tura itace. Ta farko ta tashi ta yi ramuka, ta juya ta, ta cire, ta ɓara biyu. Ta kai wa Inna rabi har ɗaki, ta dawo ta zauna da nata. Ta tauna a hankali. Sai na ga hawaye yana bin kumatunta.

"Na uwata ne," in ji ta. "Wannan ɗan ɗacin na ƙarshe, ba mai shi a garin nan sai ita."

Na ce, "Kin tabbata, Iya?"

"Ke da madubinki kika kasa, ni da harshena kike tuhuma? Tashi ki kawo kwalabe."

"Na me?"

"Ƙanena ya yi ilimi, Allah ya jiƙansa, amma ya yi wauta ɗaya. Abu mai rai a ajiye shi a kwalba guda, a ɗaki guda, a hannun mutum guda? Ga shi tsohuwa ɗaya ta kusa gamawa da shi da ludayi. Raba shi."

Huɗu muka raba. Ɗaya ta zauna wurin Inna, ta ce ta samu abin yi a takaba. Ɗaya Iya ta kai Kara-Kara da kanta, ta tsaya a kan surukar nan har ta ga ta wanke roba da ruwa zalla. Ɗaya ta riƙe, ta ce duk Juma'a za ta soya ta yi wa uwarta da ƙanenta sadaka, kuma ba za ta sake kai ludayi har gindin kwalba ba. Ta huɗun na rungume a cinya cikin jiƙaƙƙen tsumma har Durum, madubin yana cikin kwali a ƙafafuna, duk ramin da mota ta faɗa sai na ji shi a ƙirjina.

Ranar Litinin na fitar da teburi ƙofar aji inda rana ke faɗowa. Na sa ɗalibai suka yi layi, na ce kowa ya raba kayensa dama da hagu kafin ya sa ido.

Ya Allah, bawanka ne, ya koyar da abin da ya sani, abin da bai gani ba kuma ya ce bai gani ba. Ka yalwata masa kabarinsa, ka haɗa shi da uwarsa a inuwar rahamarka, mu kuma ka ba mu ikon riƙe abin da ya bari. Gobe kwana uku ke cika, na riga na jiƙa gero.